Daga Buza zuwa Yamai: albashi ya ƙaru, me ya rage a aljihu?

A kowace shekara, idan damina ta ja baya, hatsi ya fara nuna, ana shirin komawa makaranta a watan Oktoba, lokacin ne takardun canjin wurin aiki suke fitowa daga ofisoshin ministoci. A garuruwa irin su Buza, Madawa da Keita, labarin wanda aka ɗaga zuwa Yamai yakan riga takardarsa isowa. Kafin ya kai gida an fara yi masa barka a bakin kasuwa da ƙofar masallaci. Haka ma wanda wani banki ko wata ƙungiyar agaji ta kira da alkawarin albashi mai kauri, da ɗan kasuwar da wani ɗan'uwa ya samo wa shago a Katako. Kowa na cewa Allah ya yi masa buɗi. Sai dare ya yi, masu barka sun watse, sannan maigida yakan ɗauki alƙalami ya tambayi kansa abin da babu wanda ya tambaye shi da rana: idan wata ya ƙare a Yamai, nawa ne zai rage a aljihunsa?

Tambayar ta fi yadda ake zato nauyi, domin ba mutum ɗaya ne ke tashi ba. Gida ne sukutum ake tumɓukewa, da mata da yara, a bar tsofaffi da gona a baya, a tafi wuri mai nisan kimanin kilomita 500 daga Madawa. Wanda ya yi kuskuren lissafi a nan, ba a wata ɗaya yake biyan kuskurensa ba.

Albashin da ba ya cikin takarda

Abu na farko da ya kamata ma'aikacin gwamnati ya tuna shi ne, albashinsa ba ya bin gari. Matsayinsa da shekarun aikinsa ne suke yanke abin da zai karɓa, ko yana Buza ko yana unguwar Filato. Gwamnati takan ba da ɗan ƙari ga waɗanda ta tura yankunan hamada saboda wahalar wurin, amma tsadar birni kowa da aljihunsa yake ɗaukarta. Ke nan ƙarin da ake gani idan an koma Yamai yana zuwa ne ta wasu ƙofofi: sabon muƙami da alawus ɗinsa, kuɗin tafiye-tafiyen aiki, ko kuwa barin aikin gwamnati gaba ɗaya zuwa kamfani ko furoje.

Abu na biyu kuwa, ma'aikacin da ke zaune a garinsu yana da wani albashi wanda ba a rubuta shi a takardar biya ba. Gidan da yake ciki na gado ne, ko kuma haya ce mai sauƙi a hannun wanda ya san mahaifinsa. Yana da gona a kan tudu, wadda ko a shekarar da ruwa bai wadata ba takan ba shi damman hatsi da wake da za su riƙe gidan wasu watanni. Idan yana da rabo a fadamar Majiya ko ta Tarka, akwai garkar albasa da rani. Da ƙafa yake zuwa wurin aiki, ya dawo gida ya ci abincin rana. Uwargida tana da awakinta da ƴar sana'arta a cikin gida, ko ƙuli-ƙuli, ko saƙar tabarmar kaba wadda ƙasar Madawa ta yi suna a kanta, tana kuma cikin adashen matan unguwa. Idan yaro ya kwanta ciwo da dare, akwai kaka, akwai maƙwabciya.

Duk waɗannan abubuwa kuɗi ne, sai dai ba a ƙirga su saboda ba a taɓa biyan su ba. Ranar da motar kaya ta bar Buza, ranar ce suke komawa abin saye.

Lissafi a kan tabarma

Ga misali, wanda alƙalumansa na kwatanci ne kawai, kowa ya cire su ya sa nasa. A ɗauka mutum yana karɓar jika 150 a wata a Buza, aka yi masa tayin jika 250 a Yamai. Ƙarin jika 100 ke nan, abin da ko ɗan yaro zai ce a karɓa.

To, a fara da wurin kwana. Mai mata da ƴaƴa biyar ba zai zauna a ɗaki guda irin wanda ake kira antire-kushe ba. Yana bukatar aƙalla ɗaki biyu da falo. A sa masa jika 50. Takardar wuta da ta ruwa, ko kuɗin ƴan ga-ruwa idan gidan babu famfo, a sa jika 15. Gida mai sauƙin haya yana bayan gari, ofisoshi kuwa suna tsakiyar birni, saboda haka sai taksi biyu da safe, biyu da yamma, ko kuwa man babur: a sa jika 20. Hatsi da wake da itacen girki da kayan miya waɗanda a da suke fitowa daga rumbu da garka, yanzu sai an auna tiya-tiya a kasuwa: a sa jika 30. Jimla jika 115. Wato tun ba a yi maganar makaranta ba, ba a yi maganar baƙo ko magani ba, ƙarin jika 100 ya ƙare har ya ci jika 15 daga cikin tsohon albashi.

Akwai kuma kuɗin da ake zubawa sau ɗaya tun kafin a karɓi albashin farko. Masu gidajen haya a Yamai sun saba neman kuɗin watanni da dama a gaba, dillalin da ya nuna gidan shi ma yana jiran ladansa. Ga kuɗin motar da za ta ɗauki kaya, ga kujerun mota na iyali duka. Da yawa sukan sayar da sa ko tumakin uwargida don su cike wannan rami, wasu su ci bashin banki a kan albashin da bai zo ba tukuna. Wanda ya shiga birni da bashi, shekararsa ta farko ta mai bashi ce.

Dalilin tsadar gida a Yamai ba ɓoyayye ba ne. A ƙidayar jama'a ta 1988 mutanen birnin ba su cika 400.000 ba, a ƙidayar 2012 sun haura miliyan 1. Gine-gine ba su bi wannan gudu ba. Wanda ya je neman arha sai ya yi hattara da inda arhar take: unguwannin da ke kwance a bakin kogi, irin su Lamorde da Karaje, sun sha ambaliya a 2012 da 2020, mutane da yawa suka kwana a azuzuwan makaranta bayan gidajensu na laka sun rushe. Gidan da aka nuna wa mutum da rani, ya kamata ya tambayi maƙwabta yadda yake a watan Agusta.

Gidan ɗan gari ya zama tasha

Akwai wani kashe kuɗi da ba ya shiga lissafin kowa, alhali kowane Ba'adare da ya zauna a Yamai ya san shi. Da zarar an ji a gari cewa wane ya sami gida a babban birni, gidansa ya zama masaukin ƴan garinsu. Maras lafiyar da aka turo babban asibitin ƙasa zai sauka a nan, shi da mai jinyarsa. Ɗalibin da ya ci bak ya sami gurbi a jami'ar Abdu Mumuni, bai sami ɗaki ba, nan zai ajiye akwatinsa. Tsohon ma'aikacin da ya zo bin takardun fansho, da matashin da ya zo neman fasfo, da maniyyacin da ke jiran jirgi, duk nan ne. Babu wanda za a kora, domin baƙo rahama ne, kuma shi kansa maigida a gidan wani ya sauka ranar da ya zo rubuta jarrabawa. Amma tukunyar da aka auna wa mutum bakwai takan wayi gari tana ciyar da goma sha biyu.

Ta ɗaya gefen kuma, a idon mutanen gida wanda ke Yamai ya zama babban mutum. Abin da yake bayarwa a suna da biki lokacin da yake Buza ba zai ƙara isa ba. Da can sai an sami matafiyi amintacce kafin a aika saƙo. Yanzu da wayar hannu da kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza, bukata takan iso da safe a sa ran amsa kafin azahar. Idan aka yi rasuwa, tafiyar da a da ta ƙafa ce zuwa wata unguwa ta koma ta yini guda a mota, zuwa da dawowa, da kuɗin gaisuwa a hannu.

Darasin 1994

Manyan ma'aikata da suka yi aiki a shekarun 1990 suna da wani darasi da matasa ba su gani da idonsu ba. A watan Janairu na 1994, a taron Dakar, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje, magani, kayan gyaran mota, littattafan makaranta, madara, ya yi tsalle. A wannan shekara tsadar kaya a Nijar ta haura kashi 30 cikin 100, ƙarin albashin da aka yi kuwa bai kama ƙafarta ba, abin da ya sa ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta shiga dogon yajin aiki. A tsawon waɗannan shekaru, har zuwa ƙarshensu, ma'aikata sun yi ta bin gwamnati bashin albashi na watanni da dama.

Wa ya fi jin jiki a lokacin? Ma'aikacin birni, wanda mai gida ke tsaye a ƙofarsa, mai kanti ya rufe masa littafin bashi, ba shi da ko zangarniya ɗaya ta kansa. Takwaransa na Buza ko Keita shi ma bai ga albashi ba, amma ya buɗe rumbu, ya sha fura, ya kwana a ɗakin da babu mai tashinsa. Manoman albasa da masu dabbobi kuwa karyewar sefa ta zame musu alheri ta wata fuska, domin albasar Turai da naman da ake kawowa ta jirgin ruwa sun yi tsada a kasuwannin Abijan, ƴar Galmi da shanun Sahel suka sami wuri.

Abin ya sake nuna kansa a 2023, lokacin da ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli: aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take bayarwa, shinkafa ta yi tsada, masu kuɗi a banki suka yi ta layi don cire ɗan abin da aka ƙayyade. An ɗage takunkumin a Fabrairu na 2024, amma kafin nan ayyuka da dama da ƙasashen waje ke biya sun tsaya, ma'aikatansu suka koma gida da hayar Yamai a wuyansu. Albashi alkawari ne na wani. Rumbu kuwa yana cikin gidan mai shi.

Mutanen Keita sun san wannan ta wata hanyar. Aikin raya karkara da ƙasar Italiya ta ɗauki nauyinsa tare da hukumar FAO daga 1984, bayan fari, ya kawo injiniyoyi da direbobi da masu lissafi zuwa Keita, ya farfaɗo da dubban kadada na fako, ya kuma biya albashin da ya fi na gwamnati. Amma kowane furoje yana da wa'adi. Shi ya sa masu dogon tunani, idan irin wannan aiki ya kira su, ba su ajiye aikin gwamnati gaba ɗaya. Sukan nemi izinin dakatar da aiki na ɗan lokaci kamar yadda dokar ma'aikata ta tanada, domin ƙofa ta zauna a buɗe. Wanda zai shiga kamfani kuma ya tabbata an rubuta sunansa a asusun CNSS tun watan farko, in ba haka ba tsufa zai same shi hannu wofi.

Ɗan kasuwa da shagon birni

Lissafin ɗan kasuwa ya ɗan bambanta, amma tushensa ɗaya. Yamai tana da masu saye, wannan gaskiya ne: abin da shagon Buza zai sayar a mako, shagon Babbar Kasuwa ko Wadata yana iya sayar da shi a yini. Sai dai inda masu saye suka yi yawa, masu sayarwa ma sun yi yawa, riba a kan kowane kaya ta zama siririya. Ga hayar shago, ga haraji, ga mai gadi, ga ɗan dako. Ga kuma gobara, wadda ta cinye Babbar Kasuwa a 1982, ta kuma sha komawa Katako.

Babban jarin ɗan kasuwar ƙauye shi ne sanayya. Ya san wanda zai ba bashi har kaka, ya san wanda ba zai ba ko allura ba, manyan ƴan kasuwar Ƙonni da Maraɗi kuma suna ba shi kaya a kan amana saboda sun san gidansu. Wannan jari ba ya shiga motar kaya. A birni sai ya sake gina shi daga tushe, kuma shekarun ginin su ne shekarun da jari ke narkewa. Kada a manta kuma, arzikin wannan yanki ba dole ne ya bi ta Yamai ba. Albasar kwarin Tarka ana ɗora ta a manyan motoci tun daga Madawa da Galmi zuwa Gana da Kwaddebuwa, iyakar Najeriya kuma tana kusa. Akwai attajiran da suka gina gidaje a Yamai ba tare da sun taɓa kwashe iyalinsu daga gida ba.

Abin da birni ke bayarwa

Duk da haka, wanda ya ce kowa ya zauna inda yake bai yi adalci ba. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Akwai abubuwan da Yamai ke bayarwa waɗanda ba a auna su da ragowar kuɗin wata.

Na farko ilimin yara. Yaron da ya tashi kusa da makarantu masu cikakkun malamai da littattafai yana da dama fiye da wanda ajinsa na zana ne, malaminsa kuma yana tafiya karɓar albashi ya yi kwanaki. Sai dai wannan rata ta ragu: tun 2010 akwai jami'a a Tawa, akwai a Maraɗi da Damagaram, ba lallai sai an ƙetare gadar Kennedy ba kafin a yi digiri. Na biyu lafiya. Asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950, ya ceci rayuka da yawa a wannan yanki, amma mai ciwon da ke bukatar ƙwararren likita kowane wata, kamar ciwon ƙoda ko na zuciya, zamansa kusa da manyan asibitoci ya fi masa. Na uku ci gaban aiki. A Yamai ake rubuta jarrabawar ƙarin girma, a can makarantar horon manyan ma'aikata take, a can ake ganin fuskar mutum a tuna da shi ranar rabon muƙami. Matashin da bai yi nauyi ba, mai mata ɗaya da jariri, yana iya cin wuyar shekara uku don ya sami abin da zai ci shekara ashirin. Magidanci mai shekara hamsin, mai gida biyu da tsohuwa a ɗaki, lissafinsa daban ne.

Ga ƙaramin ma'aikaci kuwa, mai gadi ko ɗan aike ko yaron shago, maganar ta fi tsanani. Mafi ƙarancin albashi da doka ta yanke ya tsaya a sefa 30.047 tun daga 2012, sai bayan shekaru da dama aka ɗaga shi zuwa sefa 42.000. Wanda zai biya ɗaki da abinci da mota a Yamai daga cikin wannan, ba shi da abin da zai kawo iyali da shi.

Dabarar ƴan cirani

Ƙasar Adar ba baƙuwar tafiya ba ce. Shekaru aru-aru samarinta suna fita bayan girbi, su nufi Kano, Legas, Abijan, Kamaru, Libiya ko Aljeriya, su dawo da faɗuwar ruwa. Waɗannan mutane, da yawansu ba su taɓa zama a aji ba, sun gano wata ƙa'ida da mai digiri kan manta: a ci kuɗin birni, a kashe su a farashin ƙauye. Ɗan cirani yakan tafi shi kaɗai, ya haɗa ɗaki da ƴan garinsu, ya ƙuntata wa kansa, ya bar iyali kusa da rumbu. Da rikicin Kwaddebuwa ya tashi a 2002, da na Libiya a 2011, waɗanda suka dawo suka tarar da gona da gida sun sami wurin sa haƙarƙari. Waɗanda suka sayar da komai kafin su tafi su ne suka dawo baƙi a garinsu.

Wannan dabara tana da nata farashi, kuma mata da yara ne suke biyan sa: uwargida ta zama uwa ta zama uba, yara su tashi suna ganin mahaifinsu daga salla sai salla. Ba abin da za a ɗora wa gida har abada ba ne. Amma a matsayin gwaji na wata shida ko shekara guda, ta fi kwashe gida a rana ɗaya. A cikin wannan lokaci mutum zai san farashin gaskiya na haya da kasuwa, ya ga ko albashin yana zuwa a kan lokaci, ya nemi gida da idonsa ba da bakin dillali ba, ya kuma bar yara su ƙare shekarar karatunsu.

Saboda haka, kafin a amsa barka, akwai tambayoyin da ya kamata a zauna a kansu tare da uwargida, tun da ita ce za ta riƙe tukunya a can. Aikin na dindindin ne ko mai wa'adi? Mai aikin zai ɗauki nauyin gida ko na kwashe kaya? Wa zai noma gonar, kuma da wane sharaɗi? Idan albashi ya yi wata uku bai zo ba, me za a ci? Idan bayan an cire komai ragowar Yamai ba ta fi ta Buza ba, to sai a nemi wani dalilin tafiya, karatu ne, lafiya ce, ko girma ne a gaba, a faɗe shi a fili, a san cewa shi ake saye kuma ga kuɗinsa. In babu ko ɗaya, babu kunya mutum ya ce ya gode, ya zauna.

Abu ɗaya dai tsofaffin ma'aikata suka haɗu a kansa, waɗanda suka tafi da waɗanda suka zauna: ko mene ne za a sayar don a yi guzuri, kada ya zama gona. Ranar da takardar ritaya ta fito, motar da ta kai mutum Yamai ita ce za ta maido shi ta Doso, Dogon Dutsi da Ƙonni, ta sauke shi a Madawa ya nemi ta Buza. Allah ya sa ya tarar da abin da ya bari.